Yaƙin Da Yaronki Ya Gani A Waya, Bai Karanta A Littafi Ba

 

Ki ɗauka a Zakirai kike, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, an idar da sallar isha'i, an ci tuwo, kaka ta yi, damman gero na jingine a tsakar gida. Yara sun haɗa kai a kan tabarma suna kallon wata waya da aka kai caji shago aka turo mata finafinai. Can sai babban cikinsu ya ɗago ya ce, "Inna, wai da gaske ne an taɓa yin yaƙi a ƙasar nan har yara suka riƙa mutuwa da yunwa?" Kafin ki buɗe baki ƙaninsa ya ƙara da cewa, "Kuma su wa suka fara?"

Me za ki ce musu? Tambayar ba daga aji ta fito ba, daga waya ta fito. Idan kuwa ba ki amsa ba, wayar da ta haifi tambayar ita za ta ba da amsa, kuma ba ki san irin amsar da za ta bayar ba. Wannan shi ne abin da za mu tattauna a wannan wata: yadda 'ya'yanmu suka koma sanin tarihin yaƙe-yaƙen da suka shafi kakanninsu ta hanyar finafinan tarihi, waɗanda 'yan boko ke kira dokumantare, maimakon littafin makaranta, da alherin da ke cikin hakan, da kuma ramin da ke gefensa.

Yadda tarihi ya fita daga aji

Ba laifin yaron ba ne, ba kuma lalacinsa ba ne. A shekarar 2007 aka fito da sabuwar manhajar ilimin matakin farko ta shekara tara a Nijeriya, kuma daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010 darasin tarihi ya daina tsayawa da ƙafarsa a firamare da ƙaramar sakandare. An gutsuttsura shi an cusa cikin darasin zamantakewa, a babbar sakandare kuma ya zama na ganin dama, wanda 'yan ƙalilan ke zaɓa. Ke nan duk yaron da ya shiga firamare a wannan tsakani yana iya gama sakandare ba tare da wani malami ya taɓa zaunar da shi ya ba shi labarin yaƙin basasa daga farko zuwa ƙarshe ba. Da yawa daga cikin waɗannan yara yau su ne iyaye mata da maza.

Masana tarihi sun yi ta kuka a kan haka. A zamanin ministan ilimi Malam Adamu Adamu aka ba da umarnin dawo da darasin, a watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin ƙaddamar da shi a Abuja tare da shirin horar da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da babban birnin tarayya. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da cewa tarihin Nijeriya ya zama dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Madalla da wannan. Amma ke ma kin sani, malami ɗari ba ya isar jiha mai ƙananan hukumomi 44 irin Kano, kuma abin da aka rubuta a Abuja yakan daɗe a hanya kafin ya iso allon makarantar ƙauye. Kafin littafi ya iso, waya ta riga shi.

Yaƙin da kakanninmu suka je

Bari mu fara da abin da fim ya yi mana na alheri. Tsofaffi suna kiransa yaƙin Hitila, littattafai kuma Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Yaro zai iya ɗauka rigimar Turawa ce can a tsakaninsu, babu ruwanmu. Alhali kuwa da ruwanmu har da tsaki. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941. Daga baya aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka loda dubban samari a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazuzzukan ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar, domin su gwabza da sojojin Japan. Samarin Arewa na da yawa a ciki, har ta kai Hausa ce harshen da ake ba da umarni da shi a bataliyoyin Nijeriya, hafsoshi Turawa ma sai da suka koye ta.

Shaidar wannan na nan a gabanmu, ba mu lura ba ne kawai. Barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da na Myohaung da na Arakan a Legas, duk sunayen wurare ne a Burma inda sojojinmu suka yi gumurzu. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da ake sauke ta a bayan abokan gaba, wadda bataliyoyin Nijeriya uku suka yi aiki a cikinta a 1944. Da suka dawo gida, Malam Sa'adu Zungur ya rubuta waƙar Maraba da Soja domin tarbarsu.

Akwai wani fim da gidan talabijin na Al Jazeera ya yi mai suna The Burma Boy, wanda ɗan jarida Barnaby Phillips ya shirya. Labarin Isaac Fadoyebo ne, wani yaro daga ƙasar Yarabawa da ya shiga soja yana ɗan shekara 16. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi a daji ana zaton ba zai kwana ba. Shi da wani abokinsa ɗan Saliyo, David Kagbo, wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, iyalinsa na ciyar da su, alhali da an kama su da kashinsu ya bushe. Kimanin wata tara suka yi a ɓoye kafin a cece su. Bayan shekara sittin da ɗoriya ɗan jaridar ya bi sawu har ƙauyen, ya samo zuriyar wannan bawan Allah, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga Isaac, wanda ya rasu a 2012.

Uwargida, ki duba darasin da ke nan: Kirista daga Nijeriya, Musulmi daga Burma, ba dangin iya ba na baba, ba su ma jin harshen juna, amma tausayi ya haɗa su. Layi biyu a littafin makaranta ba za su sa yaro ya ji abin a zuciyarsa ba kamar yadda ganin fuskar tsohon da jin muryarsa za su sa. Wannan shi ne ƙarfin fim, kuma ba abin rainawa ba ne.

Abin da kyamara ba ta ɗauka ba

Sai dai kyamara inda aka nuna mata take kallo. Ta bi soja zuwa bakin daga, ba ta tsaya a tsakar gidan da ya bari ba. Yaƙin Hitila ya shigo har gonakin ƙasar Kano. Ingila na bukatar mai, don haka aka matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, ita kuwa wannan shiyya ta gabas da arewacin Kano dama ƙasar gyaɗa ce, dalilin da ya sa aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru wanda aka kammala a 1930. Bayan Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun kuza, sai aka juyo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a kan tilas, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna, kuma da dama sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Filin jirgin saman Kano ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su biyo ta Kano da Maiduguri da Khartum su nufi Masar.

Wa ya riƙe gida a wannan lokaci? Wa ya yi surfe da daka da renon yara, ya jira shekara uku ba wasiƙa, bai san ko takaba zai shiga ko tarba zai shirya ba? Mata ne irinki. Da wuya ki ga fim ɗin da ya ba su ko da minti biyar. Labarinsu yana bakin jikokinsu, idan ba a bari ya bi iska ba.

Tun zamanin majigi

Koyon labarin yaƙi daga allo ba yau aka fara ba. Ki tambayi tsofaffin gidanku labarin majigi. Mota ce ke zuwa gari da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, gari ya taru bayan magariba, wani mai baki yana fassara da Hausa ta lasifika. A 1939, shekarar da yaƙi ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, kuma babban aikinsa a lokacin shi ne ya nuna wa talakawa ƙarfin Ingila, ya sa su ba da gudummawa, ya kwaɗaita wa samari shiga soja. A wannan shekarar ce kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam na editanta, ita ma labaran yaƙi suka cika ta.

Hotunan da majigi ya nuna ba na ƙarya ba ne. Jiragen na gaske ne, sojojin na gaske ne. Amma an zaɓi abin da za a nuna, an bar abin da ba a so a gani, kamar gawarwakin masu haƙar kuza. Mai tallan fura ba ta cewa nononta ya yi tsami. Wannan dokar tana aiki a kan majigi, tana aiki a kan talabijin, tana kuma aiki a kan wayar da ke hannun ɗanki.

Yaƙin basasa: inda ake bukatar ki

Inda abin ya fi zafi shi ne yaƙin basasar Nijeriya, domin har yau miki ne da bai gama warkewa ba. Ga ƙashin bayan labarin, ki riƙe shi domin ranar da za a tambaye ki.

Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshin soja suka yi juyin mulki, suka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Arewa Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato tare da matarsa Hafsatu, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Yawancin waɗanda suka shirya juyin Inyamurai ne, kuma hakan ya bar ɗaci mai yawa a Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa, aka kashe shugaban ƙasa Janar Aguiyi-Ironsi, Yakubu Gowon ya hau. A cikin wannan shekara, musamman a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, aka kashe dubban 'yan kabilar Ibo fararen hula a garuruwan Arewa, har da Kano, ɗimbin jama'a suka gudu Gabas, can ma aka far wa 'yan Arewa mazauna yankin. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, a nan aka haifi jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Kwana uku bayan haka Odumegwu Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara. Aka fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967, aka ajiye makamai a watan Janairu 1970. A watan Oktoba 1967 sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan maza fararen hula a garin Asaba. Killace yankin Biyafara da aka yi ya jawo yunwa mai tsanani. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, kuma akasarinsu ba harsashi ya kashe su ba, yunwa ce, yara ne kuma suka fi yawa.

Kin ga a cikin wannan jeri babu ɓangaren da bai yi kuka ba, babu kuma wanda hannunsa ya fita tas. To, matsalar gajerun bidiyon da ke yawo ita ce kowanne na yanko yanki ɗaya ne. Wani zai fara da gawar shugabannin Arewa ya tsaya nan. Wani zai fara da jiragen ƙasa cike da masu gudu daga Kano, kamar ba abin da ya faru kafin nan. Yaron da ya ga na farko kaɗai zai tashi da ƙiyayyar mai shagon magani da ke kasuwarsu, wanda ba a ma haifi ubansa ba a 1966. Yaron Enugu da ya ga na biyu kaɗai shi ma haka zai kalli mai sayar da albasa ɗan Arewa. Rabin gaskiya wani lokaci ya fi ƙarya ɓarna, domin yana da hoton da zai kafa hujja da shi.

Ki kuma sani cewa yawancin hotunan wancan yaƙi 'yan jaridar ƙasashen waje ne suka ɗauka, kuma kowane ɓangare na da masu yi masa farfaganda. Biyafara har kamfanin tallata manufa ta ɗauka a birnin Geneva, gwamnatin tarayya kuma na da gidajen rediyonta. Hoton uwar da ta sallami ɗanta soja daga wani ƙauyen Gabasawa, ba ta sake ganinsa ba, babu wanda ya ɗauka. Haka nan labarin maƙwabtan da suka ɓoye 'yan kabilar Ibo a ɗakunansu, da waɗanda suka riƙe musu gidaje a Sabon Gari har suka dawo bayan yaƙi.

Akwai abubuwan da yaronki ke gani kullum da suka samo asali daga wannan yaƙi. 'Yan bautar ƙasa da ake turowa makarantun ƙauye, a 1973 aka kafa shirinsu domin ɗinke ɓarakar da yaƙin ya bari. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya da ake yi kowace 15 ga Janairu, ranar ƙarshen yaƙin ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke kula da yara masu tamowa a Arewa, wasu likitocin Faransa da suka ga yunwar Biyafara da idonsu na cikin waɗanda suka kafa ta a 1971. Da irin waɗannan za ki iya jawo tarihi ki ajiye shi a gaban yaro.

Abin da za ki iya yi a ɗakinki

Ba sai kina da digiri ba. Na farko, kada ki ƙwace wayar ki ce ba a wannan magana a gidan nan. Abin da aka hana yaro ji a gida, zai ji shi a dandali daga bakin wanda ba ya tausayinsa. Ki zauna ku kalla tare, ko ki sa yayansu ya fassara miki idan da Turanci ne.

Na biyu, ki fara dubawa kafin ƙanana su gani. Finafinan yaƙi na ɗauke da gawarwaki da tsiraici da yara masu kumburin ciki. Ɗan shekara bakwai ba ya bukatar wannan, zai hana shi barci ne kawai. Labari da baki ya ishe shi. Waɗanda suka kai sakandare su ne za a zauna da su a kalla, a kuma tuna musu cewa gawar da ke allo ɗan wata ce, tana da alfarma.

Na uku, ki koya musu tambayoyi huɗu: Wa ya yi wannan fim? Su wa aka ba dama suka yi magana? Su wa ba a ji ta bakinsu ba? Me yake so in ji a zuciyata idan na gama kallo? Fim ɗin da ya kawo shekara da sunan wuri, ya tambayi mutanen ɓangarori biyu, ya fi wanda murya ɗaya ke ta zuba a kan kiɗa mai tayar da hankali. Idan yaro ya tashi daga kallo yana neman wanda zai tsana, to a binciki fim ɗin. Addininmu ma ya hore mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi.

Na huɗu, ki bambance musu fim ɗin tarihi da fim ɗin wasa. Finafinan yaƙi na Indiya da Amurka da ake fassarawa da Hausa 'yan wasa ne ke yi, mai fassara kuma yakan ƙara gishiri domin a yi dariya. Yanzu kuma ga hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, da hoton yaƙin wata ƙasa da ake liƙa wa sunan tamu. Ba duk baƙi-da-fari ne tsohon hoto ba.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, ki kai su wurin tsofaffi. Waɗanda suka je Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967, a 1947 aka haife shi, kin ga shi ma rana ta yi masa nisa. Matan da suka ga wancan zamani suna nan a ɗakunan gidajenmu, muna wuce su da kwanon tuwo ba mu tambaye su komai. Wayar da ake kallon fim da ita tana ɗaukar murya. Ki sa jika ya durƙusa ya ce, "Kaka, ina kike lokacin da aka ce an kashe Sardauna? Wa ya tafi soja a gidan nan? Ya dawo?" A nemi izininta tukuna, idan ta ce ba ta so a ƙyale ta, domin wani tabon ba a son taɓawa. Idan kuwa ta buɗe baki, abin da za ku samu babu shi a kowane gidan talabijin.

Na shida, kada ki saki makaranta. Ranar taron iyaye da malamai ki tambaya, ko ki sa maigida ya tambaya, shin ana koyar da tarihi, wa ke koyarwa, da wane littafi. Fim na sa yaro ya ji, littafi da malami ke jera masa abin da ya zo kafin wani da dalilinsa. Idan hali ya yi, ranar da aka shiga birni a biya da yara gidan tarihi na Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarkin Kano, su ga kayan yaƙin da da hotunan zuwan Turawa a 1903.

Uwargida, ranar da yaron nan ya sake ɗago kai ya ce, "Inna, su wa suka fara?" ba sai kin zaɓar masa abokin gaba ba. Ki ba shi labarin daga farko, ki faɗa masa abin da aka yi mana da abin da namu suka yi, ki nuna masa cewa a kowane ɓangare uwa ce ta fi kowa asara. Sannan ki ce ya tashi ku je ɗakin kaka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a bisa gaskiya da tausayi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.